Makirufon da Malama Gunvor Ta Manta a Bakin Teku

Aike ne kawai. Yayata Ragnhild ta bugo mini waya daga masana'antar kifi, ta ce an ƙara musu aiki, in je makaranta in ɗauko 'yarta Eldrid.

"Kuma kai tsaye za ka, Torleif. Ban da tsayawa shan kofi a gidan mai, ban da tsokanar mutane."

"Haba Yaya, ni? Yaushe na taɓa tsokanar wani?"

Ta kashe wayarta.

Kowa a tsibirin nan ya san ni. Ni na sa ƙaguwa mai rai a takalmin fasto. Ni na bugo wa direban jirgin fito waya da muryar surukarsa, ya juyo da jirgi daga tsakiyar ruwa. Ba a haifi mutumin da ba zan iya kwaikwayon muryarsa ba. Makaranta kuwa ban gama ba. Su sun ce korata aka yi, ni na ce abin koya mini ne ya ƙare musu, na kama jirgin kamun kifi. Ku zaɓi wanda ya yi muku. Abu ɗaya dai nake so ku riƙe: ni nake ba mutane tsoro, ba a ba ni.

Disamba ne, lokacin da rana ba ta leƙo mu a wannan ƙuryar ta arewacin duniya. Sama ta ɗan yi shuɗi da tsakar rana, kafin ka gama cin burodinka duhu ya dawo. Ba a daɗe da tashin yara ba, amma fitilun hanya duk a kunne suke. Ba iska. Dusar ƙanƙara tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmina. Daga gangare ina jin teku yana cikowa a hankali, yana lasar duwatsu.

Eldrid 'yar shekara bakwai ce, kuma tun haihuwa ba ta ji sosai. Tana da 'yan na'urorin ji guda biyu a bayan kunnuwanta, masu ruwan hoda. Saboda ita aka kafa doguwar lasifika a ajinsu, kusa da allo. Malama tana rataya makirufo a wuya kamar sarƙa. Muryarta ta fito a lasifika duk aji ya ji, ta kuma shiga kunnen Eldrid kai tsaye, ta danne duk wata hayaniya. Yarinyar ta taɓa ce mini, "Kawu, in Malama tana magana, kamar a cikin kaina take zaune."

Abin ba ya cin nisa. Da mai makirufo ya wuce shingen makaranta sai sauti ya fara tsartsar, sannan ya yanke. Na sani, don na taɓa gwadawa ranar taron iyaye, da muryar shugaban makaranta. Wannan wani labarin ne.

Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar kowa, na shiga da safa. Zauren ajiye kaya yana warin jiƙaƙƙen ulu da ɓawon lemo. Laraba ce, ranar da ajinsu ke karatu a waje, ko ruwa ake ko ƙanƙara. Rigunan yara sun tafi da masu su, saura ta Eldrid kaɗai a rataye. Tana zaune a kan benci tana jera 'yan katantanwa.

"Kawu! Mun je gaɓa da fitilun goshi! Birk ya faɗa ruwa har cibiya!"

"Madalla da Birk. Sa kayanki, bari in gaida Malama."

"Kar ka tsokane ta."

"Ke ma?"

Malamar tasu, Gunvor, ajinmu ɗaya da ita a da. Ita ta ci gaba, ni na ci kifi. Na same ta a aji ta zazzage jakarta a kan tebur, tana jan aljihunan tebur ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗago ta gan ni, ko gaisuwa babu.

"Ina ka kai shi?"

"Sannu da aiki, Malama Gunvor. Ni ma lafiyata ƙalau, na gode da tambaya."

"Torleif, ba ni da lokacin shirmenka. Makirufona."

"Yanzu fa na shigo. Dubi safata, ko ɗumi ba ta yi ba."

"Duk abin da ya ɓace a garin nan, in aka girgiza ka sai ya faɗo."

"Wannan yabo ne, na karɓa. Amma yau ba ni ba ne."

Ta tsaya, hannunta a kan wuyanta inda igiyar ke zama. Na ga lokacin da ta tuna.

"Wayyo. Rumfar kwale-kwale."

"Tsohuwar?"

"Da Birk ya faɗa ruwa na cire shi don kar ya jiƙe. Na rataye a ƙusan ƙofa. Na kira suna, muka taho da gudu saboda yaron yana rawar sanyi." Ta dafe goshi. "A'a. Na kira suna tukuna, da shi a wuyana. Sannan na rataye shi, na ɗauki Birk."

"A kunne kika bar shi?"

"A kunne."

"To ki yi masa addu'a. Ruwa ya ciko, yanzu ya kai rabin ƙofar nan."

Na buɗe baki zan ƙara mata da wata, don ban cika barin dama ta wuce ba. Sai lasifikar ta yi ƙas.

Muka juya tare.

'Yar fitilar da ke samanta, wadda take ja in babu makirufo a kusa, ta koma kore. Ta koma ja. Ta sake komawa kore.

Tsartsar. Tsartsar. Kamar ana soya abu a ɗaki mai nisa.

Gunvor ta harare ni. "Ciro hannunka daga aljihu."

Na ciro.

"Wayarka."

Na ɗora ta a tebur, fuskarta a sama, ba ta kiran kowa.

"Wa ka sa? Wane sakaran ka ba kwalbar giya ya ɗauko shi?"

"Gunvor, wallahi..."

"Kar ka rantse mini. Na san rantsuwarka tun muna aji uku."

Tsartsar ɗin ya ragu. A ƙarƙashinsa akwai wani sauti. Ɗis. Ɗis. Ruwa yana ɗiga daga wani abu mai nauyi. Sai taku, a hankali, ba na takalmi ba. Kamar ana ɗaga jiƙaƙƙen buhu ana ajiyewa.

Na yi shekaru a teku. Na san ƙarar rigar ruwa in ta tsufa ta yi tauri. Ita nake ji, tana goga makirufon a kowane taku.

"Rumfar nan ta yi nisa," na ce. Muryata ta fito ƙasa-ƙasa ba da nufina ba. "Ba zai kamo daga can ba."

"Na sani."

"In ya kamo, to wanda ke ɗauke da shi ya iso shinge."

Ta kalli taga. Babu komai a ciki sai mu biyu da fitilun aji.

Tsartsar ɗin ya ɗauke gaba ɗaya. Sauti ya fito tas.

Numfashi. Dogo, mai ruwa a ciki.

Sannan murya.

"Aksel."

Muryar Gunvor ce. Ba kwaikwayo ba, ni na san kwaikwayo. Mai kwaikwayo yana ƙara gishiri. Wannan babu ƙari, babu ragi.

"Birk."

Sai ɗan tari, sau biyu.

Gunvor ta kama hannun rigata. Yatsunta sun yi sanyi har ta cikin ulu. Ta yi raɗa, "Na yi tarin nan. Ɗazu. Bayan sunan Birk na yi shi."

"Dagny."

Bakina a rufe yake, kuma tana kallonsa. Na ga lokacin da ta daina fatan ni ne.

"Eldrid."

Shiru.

"Eldrid."

Muryar ba ta wuce zuwa suna na gaba ba.

"Eldrid. Zo nan."

A bakin ruwa dokar ajin ɗaya ce, kowane yaro ya haddace ta tun ranar farko. In Malama ta kira sunanka, ka saki abin da ke hannunka ka zo gabanta. Ba tambaya, ba jira. Dokar nan ta tsare yara da yawa. Eldrid kuwa ba ta taɓa karya doka ba a rayuwarta, ban san inda ta gado wannan ba.

Wata ƙaramar murya ta fito daga lasifikar, daga ɗan nesa da makirufon.

"Na'am, Malama. Ina kike? Ba na ganinki."

Ban san lokacin da na bar ajin ba.

Benci babu kowa. Katantanwa a jere. Takalmanta na nan, rigar sanyinta na nan. 'Yar rigar ƙyalli mai haskawa a duhu ce kaɗai babu, don ita ma doka ce, ba a fita cikin duhu sai da ita. Ƙofar waje a buɗe.

A bayana lasifikar ta fara tsartsar kuma.

Sun fara yin nisa da makaranta ke nan.

"Mota!" na yi wa Gunvor ihu. "Kawo mota gangare!" Na fizgi wayata daga hannunta, ashe ta biyo ni da ita, na faɗa waje da safa.

Sanyi ya sare ni a tafin ƙafa. Na kunna fitilar waya. Ga sawunta, ƙanana, sun nufi ƙofar shinge. A wajen shingen akwai wani sawun. Ba siffar ƙafa ba. Ramuka ne a cikin dusar, baƙaƙe, ruwa kwance a ciki bai daskare ba.

Wari ya buge ni. Ruɓaɓɓiyar ciyawar teku, da kwalta, da wani abu da ya daɗe a ƙasan ruwa.

"Eldrid!"

Na san banza nake yi. In makirufon Malama yana magana, shi kaɗai take ji. Don haka aka yi shi.

Na bi gangare. Na zame, na tashi. Fitilun hanya suka ƙare. Dusar ta ƙare, duwatsu suka fara, masu santsi. Wani abu ya yanke ni a diddige, ban tsaya dubawa ba.

Hasken waya ya kamo ƙyalli. Layi biyu masu haske, can ƙasa, suna tafiya.

A cikin ruwa suke.

Ya kai mata gwiwa. Tana tafiya hannuwanta a buɗe don kar ta faɗi, kanta a ɗage kamar mai sauraron darasi.

A gabanta akwai 'yar fitila koriya, irin ta jikin makirufon Malama.

Tana lilo a hankali, kamar abin da ke rataye a wuya. Amma ta yi sama da yawa. Ni dogo ne, kuma sai da na ɗaga kai.

Na haska wajen. Hasken bai dawo ba. Ya kama ruwa ta dama, ya kama ruwa ta hagu. A tsakiya duhu ne kawai, mai faɗi, yana ɗiga.

Na shiga ruwan. Sanyinsa ya ɗauke mini numfashi. Wayar ta suɓuce, ta nutse da haskenta.

Na cafko ta ta baya.

Ta yi ƙara, ta fara shure-shure. "Sake ni! Malama na kira! Kawu Tor..."

Na toshe mata baki. Ban san dalili ba. Jikina ne ya san kada a faɗi sunana a wurin nan.

Na laluba kunnenta na dama, na zare na'urar, na yi jifa da ita. Na saɓa ta a kafaɗar hagu, hannu ɗaya a ƙafafunta, ɗaya a bakinta. Kanta ya manne da nawa. Kunnenta na hagu ya haɗu da nawa na hagu, da na'urar a tsakani.

Sai na ji abin da take ji.

Gaskiyarta. A cikin kai yake zaune.

"Wa ya rage?" in ji muryar Gunvor, a natse, kamar kowace Laraba. "Akwai wanda ban kira ba. Faɗi sunanka."

Na juya zan fita. Ƙafafuna suka ƙi. Ruwan ya kai mini cinya, kuma ba ni na matsa ba.

"Faɗi sunanka."

Harshena ya fara motsi da kansa. Na ji harafin farko yana haɗuwa a bayan haƙorana.

To, ni dai abu ɗaya na iya a duniya. Na haɗiye nawa, na ba shi na wani. Ba na mai rai ba, ban kai nan a mugunta ba. Na aro muryar tsohon da teku ya ɗauke daga jirginmu shekarar da na fara fita, na yi ta da kaurinta da komai.

"Hallvard Myre."

Fitilar ta daina lilo.

Numfashin ya ja, ya ja.

"Hallvard ya riga ya amsa."

Wani abu ya motsa a ruwan ta damana. Wani ta haguna. Ban duba ba.

"Saura kai."

Muryar ba ta Gunvor ba ce yanzu. Ba ta kowa ba ce. Ta shiga kunnena kamar ƙusa mai sanyi, tana nitsawa, tana neman wani abu a ciki.

Warin ya rufe ni. Ruwa ya ɗigo mini a ka, daga sama.

Hannuwana duka a cike suke. Na juya kai, na kama na'urar da haƙora, na fizge ta daga kunnen yarinyar. Tana magana a cikin bakina. Na ji ta a haƙora.

Na tofar.

Sai haske. Fitilun mota biyu daga saman gangare, da hon da ba ya tsayawa. Inuwata ta miƙe a kan ruwa, doguwa, da ta Eldrid a kafaɗa. Babu ta uku.

Ƙafafuna suka sake.

Ban yi gudu ba, ba a gudu a kan duwatsun nan. Rarrafe na yi, da yarinya a wuya, gwiwoyina suna fashewa. Sau ɗaya na waiga. Koren hasken yana can, ya yi ƙasa. Ya kai fuskar ruwa. Ya shige, ina ganinsa a ciki, yana tafiya, yana ƙanƙancewa.

Gunvor ta karɓe ta, ta naɗe ta da rigarta, tana kuka tana kiran sunanta. Eldrid ba ta ji. Ta zuba wa bakin Gunvor ido, ta kalli wuyanta da babu komai, ta kalli teku.

"Ba ke ba ce," ta ce.

Gunvor ta girgiza kai.

A mota ina ganin bakin Gunvor yana motsi ta haguna, ban ji komai ba. Na ɗauka hon ne ya cika mini kunne.

Eldrid ta yi zazzaɓi ta warke. An yi mata sababbin na'urori, shuɗaye, ta ce ta girmi ruwan hoda. An kawo wa ajin sabon makirufo da sabuwar lasifika, an ɗauke tsohuwar. Har yau suna fita ranar Laraba, amma a gaɓa Gunvor ba ta kiran suna. Bi take tana dafa kan kowane yaro, bakinta a rufe. Rabin garin sun ce ni na shirya komai don in ba malama tsoro, abin ya fi ƙarfina. A gidan mai har jinjina mini suke. Ban musa ba. Gara su ɗauka ni ne, su yi barci.

Kunnena na hagu bai dawo ba. Ragnhild ta tasa ni gaba har asibitin birni. Likita ya leƙa, ya gwada, ya ce bai ga ciwo ba, amma akwai abin da za a iya dasa mini, wataƙila ya farfaɗo. Na ce zan yi tunani. Ragnhild ta zage ni tun daga ƙofar asibiti har cikin jirgin fito.

"Taurin kai kawai! Yarinya 'yar shekara bakwai tana sawa, kai ƙato kana jin kunya?"

"Yaya, ta wannan gefen kike, ba na jin ki."

"Za ka ji ni da hannu!"

Ban gaya mata ba. Kunnen ba ya jin mota, ba ya jin kare, ba ya jin zaginta. Amma a watannin duhu, in teku ya ciko, yana jin abu ɗaya. Ana kiran suna, a natse, ɗaya bayan ɗaya. Wasu na san su daga allon tunawa da waɗanda teku ya ci, da ke jikin coci. Wasu ban taɓa ji ba. A ƙarshe a yi shiru, a jira, kuma na san wa ake jira.

Duk inda nake sai in tsaya. In ina kan tsani ne, in ina tsakiyar ba da labari a gidan mai, in tsaya cak in saurara daga farko har ƙarshe. Mutane su ce Torleif ya fara wani sabon iya shegen.

Jiya ma kiran ya same ni a hanya, na ɗauko ta daga makaranta. Ta tsaya tare da ni, hannunta a nawa, tana kallon bakina.

"Kawu, mene ne?"

Na ɗaga mata yatsa. Na bari aka kai ƙarshe.

Babu sunanta a ciki.

"Ba komai," na ce. "Mu je gida."